Talata a Gusau: µg da mg

Tun da hantsi nake kan taƙaitattun bayanan maƙalolin da za su fito a mujallarmu, waɗanda za mu tura wa Crossref, ƙungiyar da ke yi wa maƙalolin bincike rajista, don kowace ta samu lambarta ta DOI, wato lambar shaidar da ake nemo ta da ita a intanet. Marubuta da Word suke aiko mana, su kuwa Crossref XML suke karɓa, wato rubutu mai alamomin da na'ura ke karantawa, taƙaitaccen bayanin kuma sai a tsarin JATS, nau'in XML na maƙalolin mujallu, wanda aka amince da shi a Amurka a 2012. Kowane sakin layi sai an buɗe shi da alama an rufe da alama. Sunan ƙwayar cuta irin su Plasmodium falciparum da ake karkatar da rubutunsa, da ƙaramin 2 na CO2, duk sai na bi su da hannu. Alamar da ke cikin p<0.05 kuwa, in aka bar ta haka, na'ura za ta zaci wata sabuwar umarni ce aka fara, ta watsar da fayil ɗin baki ɗaya. Dole a rubuta ta &lt;.

Waɗannan ba su ɗauke ni lokaci ba. Wadda ta tsayar da ni ita ce maƙala kan gubar dalma a jinin yara. Marubucin ya sa µ ɗinsa da tsohon salon haruffan Symbol, wanda a cikinsa µ harafin m ne kawai aka sauya wa kama. Ina kwafowa, µg/dL (microgram a kowace desilita ta jini) ya koma mg/dL (milligram). Ninki dubu ke nan! Kuma ba abin da zai yi ƙara, domin a wurin na'ura m harafi ne lafiyayye.

Gabana ya faɗi. Mu nan Zamfara mun san abin da dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara ɗaruruwa suka rasu sanadin niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Daga 45 µg/dL ne likitoci ke fara ba yaro maganin fitar da gubar. Mafi yawan masu bincike taƙaitaccen bayani kaɗai suke karantawa, wasu rumbunan bayanai kuma daga Crossref suke kwasa, su yaɗa yadda suka samu.

Bayan azahar na shiga wurin edita na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe, ina so in duba kowane ma'auni da takardar asali." Ya ɗan yi jim, don an matsa masa a fitar da mujallar, sannan ya ce in je in yi.

Wuta ta ɗauke da la'asar, na ci gaba da batir. Na adana fayil ɗin a UTF-8, tsarin adana rubutu mai ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, saboda µ da kuma ɗ da ƙ na sunayen marubutanmu su isa yadda iyayensu suka raɗa musu. Saura maƙalolin noma, su ma cike suke da ma'aunai. Da su zan fara da safe in Allah ya kai mu.