Zaɓen 1919 da ya karya lagon jam'iyya mai mulki a Suwizalan

Wani ƙanen abokina da ke karatu a Zurich ta ƙasar Suwizalan ne ya jawo wannan rubutun. Lokacin zaɓensu na Oktoban 2023 ya kira mu ta bidiyo yana ta dariya, wai ku zo ku ga yadda mai gidan da nake haya yake zaɓe. Ambulan ne aka aiko masa ta gidan waya, ciki takardu jingim kowace jam'iyya da jerin sunayenta, tsohon ya zauna a teburin kicin da biro yana soke sunan wannan, ya rubuta sunan wancan sau biyu, can kuma ya ɗauko wata mata daga wata jam'iyyar daban ya cusa ta a jerin. Na ce kai wannan ai ya ɓata ƙuri'arsa, yaron ya ce ina, doka ce ta ba shi dama, Zurich kujeru 36 gare ta a majalisar wakilai don haka layi 36 ne a hannunsa ya yi yadda ya ga dama da su.

Da ba haka abin yake ba fa. Tun daga 1848 da suka kafa tarayyar, bayan ɗan gajeren yaƙin basasa na 1847 da jihohin Katolika suka sha kashi, jam'iyyar 'yan Radikal ce ke riƙe da wuƙa da nama. Tsarin kuwa wanda ya samu rinjaye a mazaɓa shi ke kwashe kujerun, saura su tafi gida hannu rabbana, kuma su masu mulkin su ne ke shata iyakar mazaɓun, to ka ga an bai wa kura ajiyar nama. A zaɓen 1917 'yan gurguzu, jam'iyyar ma'aikata ke nan, sun samu wajen kashi 30 cikin ɗari na ƙuri'u amma kujera ashirin ko da ɗan ɗoriya suka tsira da ita cikin 189, su kuma 'yan Radikal suka yi gaba da sama da ɗari.

Abin da ya burge ni shi ne naci. A can in ka tara sa hannun jama'a (dubu 50 ne a lokacin) dole a kai maganarka gaban 'yan ƙasa su kaɗa mata ƙuri'a. 'Yan gurguzu da 'yan Katolika masu ra'ayin riƙau, mutanen da ko ga maciji ba sa yi, suka haɗa kai a kan a riƙa raba kujeru gwargwadon ƙuri'ar da kowa ya samu. 1900 aka kayar da su, 1910 aka sake kayar da su da ƙyar, sai ranar 13 ga Oktoban 1918 abin ya wuce da wajen kashi biyu cikin uku.

Lokacin ƙasar tana tafasa ne. Ba su shiga yaƙin duniya na ɗaya ba amma tsadar abinci ta gallabi talaka, magidanta suna gadin iyaka watanni ba mai biyan su albashin da suka rasa, ga murar nan da ta kashe mutane a duniya. Wata guda bayan ƙuri'ar ma'aikata wajen dubu 250 suka tsunduma yajin aikin gama gari, gwamnati ta fito da soja, a garin Grenchen aka harbe mutum uku, kwana uku aka janye yajin. Amma buƙatarsu ta farko, wato a sake zaɓe da sabon tsari ba tare da jira ba, ta samu shiga, aka matso da zaɓen da ya kamata a yi a 1920 zuwa 26 ga Oktoban 1919.

Mutane suka fito kamar me, kashi 80 cikin ɗari. Da aka gama lissafi 'yan Radikal suka rikito zuwa kujera 60, 'yan gurguzu suka haura 41, 'yan Katolika 41. Abin dariyar, kason ƙuri'ar 'yan gurguzu raguwa ma ya yi idan aka kwatanta da 1917 amma kujerunsu suka ninka, lissafin kawai aka canja. Kuma duk da haka ransu bai yi daɗi ba don sun sa rai da fiye da haka, wanda ya ci ribar gaske jam'iyyar manoma ce da ta ɓalle daga jikin 'yan Radikal, daga kusan babu ta tashi da kujera wajen talatin. Gaba ta kai ta gobarar Titi. Ita ce ta rikiɗe ta zama SVP, babbar jam'iyyar ƙasar a yau. Manoman sun samu minista tun 1929, Rudolf Minger, su kuwa 'yan gurguzun da suka yi wahalar sai 1943 aka bai wa Ernst Nobs kujera a majalisar zartarwa mai mutum bakwai.

'Yan uwanmu na Nijar wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu, kafin juyin mulkin 2023 da jerin jam'iyya suke zaɓen 'yan majalisa. Mu a Najeriya har yau wanda ya fi da ƙuri'a ɗaya shi ne da kujera, ni dai duk lokacin da na ji ana cewa jam'iyya kaza ta share jiha kaf sai in so in ga ƙuri'a nawa waɗanda aka share ɗin suka samu.

Kar kuma wani ya ce na zo yabon Turawa ne. Wancan kashi 80 ɗin duk maza ne, mace ko ɗaya ba ta kaɗa ƙuri'a ba duk da bai wa mata damar zaɓe yana cikin buƙatun masu yajin aikin, sai Fabrairun 1971 mazan suka yarda mata su yi zaɓen tarayya. Jihar Appenzell Innerrhoden kuwa, inda har gobe ake taruwa a filin gari ana zaɓe da ɗaga hannu, mazan cewa suka yi ba su yarda ba a zaɓen jiha, sai da kotun ƙoli ta tarayya ta tilasta musu a Nuwamban 1990.