Abin da na koya game da cokula masu yatsu a aikin otal a Accra

Idan ka shiga ɗakin cin abinci na babban otal kafin baƙi su iso, ba sai ka leƙa kicin ba za ka san abin da aka shirya. Dubi hagun faranti kawai. Cokali mai yatsu ɗaya, abinci kala ɗaya ne. Idan uku ne a jere, kala uku za a kawo, wani bayan wani, kuma wanda yake can bakin layi shi ne na abin da zai fara zuwa. Da wannan aka fara mana karatu lokacin da na kama aikin kai abinci tebur a wani otal da ke wajen filin jirgin sama na Accra, ni ɗan unguwar Nima da na tashi ina cin tuwo da miyar ayoyo da hannu, waakye (shinkafa da wake) kuma a ganye.

Shugabanmu wani dattijo ne Bafante da muke kira Masta. Bai damu da mu haddace sunaye ba. Sai ya zube cokulan a kan tire ya ce kowa ya ɗauki ɗaya, ya dubi bakinsa, ya faɗi abincin da ya dace da irin wannan baki. A wurinsa siffar cokali ita ce bayaninsa, kuma har yau ban ga hanyar koyarwa da ta fi wannan ba.

Babban cikinsu shi ne na babban abinci, nama ko kaza da abin haɗinsu. Yatsu huɗu ne da shi, dogaye, tsawonsa kusan santimita 20, kuma shi ne yawanci ke kusa da faranti. Na salak ya fi shi gajarta, sau da yawa yatsansa na hagu ya fi sauran kauri don a danna a yanke ganye ba tare da wuƙa ba. Na kayan zaƙi ƙarami ne, wani mai yatsu uku wani huɗu, shi ma gefensa na hagu da faɗi saboda yanka kek. Ba a sa shi cikin layin hagu. A saman faranti ake kwantar da shi, mariƙinsa na kallon hagu, cokalin zaƙi a samansa mariƙinsa na kallon dama, ta yadda idan lokacinsu ya yi sai mai hidima ya jawo kowanne zuwa gefensa.

Akwai ƙanana biyu da ba kullum ake ganinsu ba. Na kawa, wata halittar teku mai ƙoƙo, siriri ne mai gajerun yatsu uku, a dama ake ajiye shi, bayan cokalin miya. Na dodon koɗi kuma yatsu biyu ne da shi, don zaro ɗan naman daga cikin ƙoƙonsa yadda Faransawa ke ci. Wannan ya kan ba ni dariya, domin dodon koɗin Ghana da ake sayarwa a kasuwar Makola ya kai girman dunƙulen hannu, kuma tun a kicin ake fid da shi a jefa a miya. Mai dogayen yatsu biyu na riƙe gasasshen nama a yanka, da ƙaton nan na zuba abinci, kayan aikinmu ne, ba su da wuri a gaban baƙo.

Na kifi ne ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma shi ne ya sa na gane cewa yawancin dokokin nan suna da dalili, ko da dalilin ya riga ya mutu. Yatsunsa sun fi faɗi, yana da ɗan lanƙwasa ko tsagi a gefe, kuma yana tafiya da wuƙarsa marar kaifi mai faɗin baki. Ba a yanka kifi da ita. Zura ta ake yi tsakanin tsoka da ƙaya a ɗaga. A da wuƙaƙen tebur na baƙin ƙarfe ne, idan suka haɗu da kifi da lemon tsami sai su bar ɗanɗanon ƙarfe a baki, shi ya sa masu hali a Ingila suka ware wa kifi kayan azurfa. A 1913 Harry Brearley ya samar da ƙarfe marar tsatsa a garin Sheffield, matsalar ta kau, amma kayan kifin suka zauna. A ganina sun cancanci zaman, domin duk wanda ya taɓa ƙoƙarin raba kifi da ƙayarsa da wuƙar nama ya san yadda take dagargaza shi. Sai dai idan karfasa ce gasasshiya da banku (tuwon masara mai tsami) da shito (yajin barkono), abin da nake fara kaiwa tebur shi ne ruwan wanke hannu da sabulu. Na ga Turawa da yawa sun ajiye cokalin sun sa hannu da suka ga yadda na kusa da su ke yi, kuma su suka fi cinye kifin tas.

Yawan cokulan ma ba daɗaɗɗen abu ba ne kamar yadda muke zato. Turawan Yamma sun daɗe suna ci da hannu da wuƙa. Daga Italiya al'adar cokali mai yatsu ta bazu, kuma Baturen Ingila Thomas Coryat da ya gan shi a can ya rubuta labarinsa a 1611 sai da abokansa suka yi masa ba'a. Sai a ƙarni na 19, da aka koma kawo abinci kala-kala bi da bi maimakon a jibge duka a tebur lokaci guda, kowane kala ya samu nasa cokali. Ko yau ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba. Faransawa kan kife yatsun a kan mayafin tebur, Ingilishi su bar su suna kallon sama. A Accra tsarin Ingila muka gada.

Jerawa kuwa aikin ido ne. Masu yatsu a hagu, wuƙaƙe da cokalin miya a dama, kaifin wuƙa na kallon faranti. Ba a jera masu yatsu fiye da uku a hagu lokaci guda. Idan abincin ya wuce haka, sauran su zo tare da farantinsu. Gindin kowanne ya bar bakin tebur da kamar faɗin babban yatsa, kuma su daidaita kamar sahun sallah. Masta kan durƙusa a ƙarshen dogon tebur ya kanne ido ɗaya, ya hango wanda ya fita layi tun daga can. Ana goge su da tururin ruwan zafi da busasshen kyalle, a riƙe ta mariƙi, hannu ba ya taɓa yatsun. Wanda ya faɗi ƙasa ba ya komawa tebur, sabo ake kawowa a kan ɗan faranti. Idan baƙo ya ce ba ya cin kifi, a ɗauke kayan kifin daga gabansa nan take, kada su rikita masa lissafi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda aikin yake shi ne maganar hannun hagu.

A tsarin Turai ana riƙe wuƙa a dama, mai yatsu a hagu, bakinsa a kife, kuma da hagun ake kai loma baki. Mu kuwa tun muna yara an karantar da mu hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce wa Umar ɗan Abu Salama ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci abin da ke gabansa. Ba Musulmi kaɗai ba ma, a Ghana ko canji ka miƙa wa mutum da hagu sai ka ba shi haƙuri. To ka ga Alhaji ya zo walimar ɗaurin auren ɗan abokinsa a otal, ya zauna, ya tarar an jera masa abin ci a gefen da bai taɓa ci da shi ba. Na sha ganin dattijo mai mutunci, wanda ake tashi tsaye idan ya shigo masallaci a unguwar Mamobi, ya naɗe hannu yana satar kallon na kusa da shi. Wasu sai su ce sun ƙoshi alhali ba su ci komai ba.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, cin da dama da cokali mai yatsu tsari ne sananne. Haka Amurkawa ke yi: su yanka da wuƙa a dama, su ajiye ta a gefen faranti, su mayar da mai yatsun hannun dama su ci. Babu mai yi musu kallon baƙauye. Wanda ya yi haka a kowane otal na duniya yana kan hanya. Wasu abokan aikina na ganin idan an san teburin Musulmi ne a juya jerin gaba ɗaya, masu yatsu su koma dama. Ni ban yarda ba sai in baƙon ne ya nema. Hajiyar da ta saba tafiya Landan ko Dubai ta san inda komai yake, juyawar rikita ta za ta yi, kuma akwai ɗan raini a yanke wa mutum hukuncin cewa bai iya ba tun kafin ya zauna.

Abin da nake yi ƙarami ne. Idan na ga dattijo yana jinkiri, sai in matso kamar zan ƙara masa ruwa, in ce a hankali, "Baba, na bakin layin nan ne na wannan, a ɗauka da dama ba komai." Wani ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," wani ya yi kamar bai ji ba ya ɗauka. Idan kuma ya ci salak da na babban abinci, ba na cewa uffan. In ɗauke shi tare da farantin, in ajiye sabo a gurbinsa kafin nama ya iso. Masta kan ce baƙo ba ya ɗaukar cokalin da ba daidai ba, mai hidima ne ke makara wajen sauya shi.

Haka maganar alamar gama cin abinci take. An koya mana cewa wuƙa da mai yatsu a haɗe gefe da gefe a kan faranti na nufin an gama, a ware kuma na nufin ana hutawa ne. Hotunan nan da ke yawo a WhatsApp masu cewa wannan ajiyewa na nufin "ya yi daɗi", waccan na nufin "ban ji daɗi ba", a wurin aikinmu ba wanda ke duba su. Ko alamun biyu na gaskiyar ma ba na dogara da su a teburin mutanenmu. Hajiya na iya haɗa cokulanta don ta amsa waya, kai kuma ka fizge farantin da sauran naman da ta ajiye don ƙarshe. Gara ka tambaya: "Hajiya, a ɗauke ko a bari tukuna?"

Gwaggona tana dafa abincin biki a Sabon Zongo, kuma da ta fara samun kwangilar walima a manyan ɗakunan taro ta tambaye ni kala nawa za ta saya. Na ce mata biyu sun isa: babba na shinkafa da nama, da ƙarami na kek da 'ya'yan itace. Ta duba bayan mariƙin kafin ta biya. Idan an rubuta 18/10, ƙarfen na da kashi 18 na kuromiyom da kashi 10 na nikel, ya fi jure iskar teku ta Accra da yawan wanki. Mai 18/0 ba shi da nikel, ya fi araha, ya fi saurin dusashewa, kuma maganaɗisu na kama shi sosai, don haka ta tafi Makola da ɗan maganaɗisu a jaka. Kuɗin da ya ragu ta sa a cokulan shinkafa na gari da butocin wanke hannu, domin a bikin Zongo rabin baƙi tuwo za su nema.