Jinin da ba a gani

Aikin wayar da kan jama'a ya koya mini cewa baligi mai cutar himofiliya, ciwon gado da ke hana jini daskarewa yadda ya kamata, ba shi ne ya fi buƙatar lacca ba. Ya san jikinsa. Tun kafin gwiwa ta kumbura yakan ji ɗumi da tsami a cikinta, ya gane jini ya fara zuba. Mutanen da ke kewaye da shi ne ke cikin duhu.

Yawanci ana ɗauka ɗan yanka ne zai halaka shi. Ƙaramin rauni a fata sau da yawa dannewa kawai yake so. Abin da ke cinye shi sannu a hankali shi ne jinin da ke zuba cikin gaɓoɓi, gwiwa da gwiwar hannu da idon sawu, saboda jikinsa ba ya samar da isasshen sinadarin daskarar da jini: sinadari na 8 a nau'in A na cutar, na 9 a nau'in B. Kowace zuba tana cin guringuntsi, har ka ga matashi yana ɗingishi. Jiya an gan shi garau a wurin aiki, yau ya kasa taka ƙafa, sai a ce lalaci ne. Shi ya sa wasu ke ɓoye ciwon har ga maigidansu.

Don haka na karkata ga waɗanda zai faɗa hannunsu. Mai sayar da magani ya san asfirin da ibuprofen suna ƙara zubar jinin, farasitamol ya fi sauƙin haɗari. Likitan haƙori kada ya cire haƙori sai an tanadi sinadarin. A guji allurar tsoka. In mai cutar ya bugu a kai, a fara ba shi sinadarin, hoto ya biyo baya.

Dattawan masu cutar kuwa sai da lallashi. A shekarun 1980 dubban masu cutar sun kamu da HIV da ciwon hanta nau'in C ta hanyar gurɓataccen maganin da aka haɗa daga jini. Wanda ya binne abokansa a kan haka, in ya yi ɗari-ɗari da asibiti, ban ga laifinsa ba.

Akwai kuma mata. An saba cewa ɗauke da cutar kawai suke suna gadar wa 'ya'yansu, amma wasunsu na fama da yawan jinin al'ada da zubar jini bayan haihuwa. Yanzu duk wanda ya zo, nakan tambayi lafiyar mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata da 'ya'yansa mata, in ce su ma a gwada su.