Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Bakina Ya Suɓuce

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya a inda kuɗin karatuna a Edinbara suka fara ja da baya, har na samu aikin ƙarshen mako a wani gandun farauta kusa da kogin Tweed, a kudancin Sikotilan. Aikin kora ne: mu shiga kurmi da sanduna muna bubbuga itatuwa, tsuntsaye su tashi, masu kuɗi su harba. Da aka rufe harbin fezan, wani tsuntsu mai kama da zabon daji amma da doguwar wutsiya, ranar 1 ga Fabrairu kamar yadda dokarsu ta tanada, sai 'yan kora suka watse. Ni kaɗai tsohon da ke kula da gandun ya ce in ci gaba da zuwa.

Bakina ne ya jawo mini. Wata rana muna shan shayi a rumfa na cika baki cewa ni a gidan mafarauta na tashi, kawuna yana da karnuka shida, kuma tun ina ɗan shekara goma nake bin su dawa da zarar an gama girbi. Tsohon bai ce uffan ba a ranar. Sai a farkon Maris ya fito da wata baƙar karya 'yar wata tara, irin Labrador, ya miƙo mini igiyarta da usur da wani ƙunshin tamfol mai nauyin kusan rabin kilo. Ya ce, "To ɗan mafarauta, ga Meg. Nuna mini."

Na wulla ƙunshin iya ƙarfina. Kafin ya taɓa ƙasa Meg ta riga ta yi rabin hanya. Ta ɗauko, ta dawo tana kaɗa wutsiya, ni kuma na shiga tafi ina shafa kanta, na juya ina jiran yabo. Na tarar da fuskar tsohon a murtuke.

"Wa ya aike ta?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ai ta kawo." Tun zuwana nake ce masa Baba, na gaya masa haka muke kiran dattijo a garinmu, ya kuma karɓa.

"Ta kawo wa kanta. Ɗaukowa a jininta take, ba ka da abin da za ka koya mata a nan. Zama za ka koya mata."

Wannan maganar ta yi kwanaki tana yi mini yawo a kai. A wurin kawuna, karen kirki shi ne wanda ba ya jiran a cuna shi. Zomo ya motsa, kare ya rufa masa baya, mu ma mu rufa da gora da ihu, kowa ya ci zomo ya ci gudu. A nan kuwa bindiga ce ke kisa. Aikin kare shi ne ya zauna kusa da ƙafar ubangidansa, harbi na tashi, tsuntsaye na faɗowa gabansa, ya riƙe a ransa inda kowanne ya faɗi, kada ya motsa ko ya yi ƙugi sai an kira sunansa. Wanda ya ruga da kansa zai iya shiga gaban bindiga, ko ya tayar da tsuntsayen da ba a kai gare su ba ya ɓata wa kowa yini.

Tsohon yana ji da wannan iri ƙwarai. Shi ya ba ni labarin cewa kakanninsu karnukan masunta ne a tsibirin Newfoundland na Kanada, aka riƙa kawo su Birtaniya a ƙarni na 19, kuma gidan sarautar Buccleuch, mai filaye da yawa a wannan yanki, yana cikin waɗanda suka riƙe irin bai ɓace ba. Sai a 1903 ƙungiyar Kennel Club, mai rajistar irin karnuka a Birtaniya, ta yi masa rajista. Yakan faɗi wannan shekarar kamar ranar haihuwarsa ce.

Horon kansa, in faɗa muku gaskiya, gundura ce. Minti goma da safe, minti goma da yamma, ba ƙari. Ta yi tafiya a gefen ƙafata ta hagu ba tare da ta ja igiya ba. Busa ɗaya doguwa, ta zauna ta dube ni ko tana ina. Gajerun busa a jere, ta dawo. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne in jefa ƙunshin sau goma, sau bakwai ko takwas ni zan taka in ɗauko da ƙafata, ita tana zaune tana kallona kamar wata hakima. Dabarar ita ce ta daina ɗauka duk abin da ya faɗo nata ne. Haka kuma an hana ni fizgar abu daga bakinta ko da wasa. Sai dai in durƙusa, in tallabi haɓarta, in bari ta saki da kanta, don karen da ya saba da ja-in-ja zai riƙa murƙushe tsuntsu. Daga baya, da muka fara gwada ta da mataccen tsuntsu, na ga tsohon yana lallatsa haƙarƙarinsa da yatsu, yana duba ko akwai inda ya lotsa.

Da na gaya wa Inna a waya aikin da nake yi, shiru ta yi, sannan ta ce, "Duk karatun ya ƙare a kiwon kare?" Na tuna mata aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abin da karnukan da aka horar suka kamo wa masu su, da hadisin Adiyyu ɗan Hatim inda aka ce idan karen ya ci daga abin to kansa ya kamo wa. Ni kaina sai a wannan gandun na ga wannan bambanci da idona. Inna dai ta ce in ware tufafin salla, na ce ai na ware.

Mako biyar muna tafiya lafiya. Ranar wata Asabar a watan Afrilu, ƙasa jiƙe, tumaki sun fara haihuwa a gonar da ke maƙwabtaka, na zaunar da Meg ba igiya, na ja baya kamar taki ashirin. Tana zaune kamar an dasa ta. Kwatsam wani zomo ya fito daga gindin shinge, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na ga kunnuwanta sun miƙe, jikinta na rawa, amma ba ta tashi ba. Wallahi ba ta tashi ba. Ni ne na tashi. Ban san lokacin da na daka tsalle na ƙwala ihu da Hausa ba: "Kama shi! Kama shi!"

Ba ta jin Hausa, amma ta ji muryar. Ta tsallake shinge, ta ratsa tsakiyar tumakin, 'yan raguna suka tarwatse. Ina ta busa usur kamar mai tsaron gida an ci shi. A ƙasar nan manomi na iya harbe karen da ya far wa tumakinsa, doka ta kare shi, kuma na san haka. Da ta dawo bayan minti biyar, harshe waje, ba zomo, tsoro da kunya suka sa na daka mata tsawa na ɗaga igiya zan tsula mata. Tsohon ya riƙe mini hannu ta baya.

"Yaro, abu na ƙarshe da ta yi shi ne dawowa wurinka. In ka doke ta yanzu, dukan dawowa ka yi mata."

Shi ya je ya ba manomin haƙuri, bai bar ni na bi shi ba. Washegari muka koma kan igiya kamar ranar farko. Wata guda cur muna shiga wani keɓaɓɓen fili da ya zuba zomaye a ciki, ina zagayawa da ita, zomo ya gifta in busa ta zauna. Ya kuma kafa mini doka: in sa usur a baki tun daga ƙofa, kada in cire sai mun fito. Ya ce ba don ita ba ne.

An buɗe harbin fezan 1 ga Oktoba, amma sai tsakiyar Nuwamba ya yarda Meg ta fita, ita ma kallo kawai, a ɗaure. A kora ta ƙarshe, rana ta kusa faɗuwa, wani tsuntsu da harbi ya karya wa fiffike ya faɗa hayin kogi ya shige cikin ciyawa da gudu. Manyan karnukan duk suna can nesa. Tsohon ya dube ni, ya dubi ruwan, ya sunkuya ya zare igiyar daga wuyanta.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.