Abin da zagayen sakandare ya koya mini kan injiniyancin na'urorin asibiti

Ka shiga ajin kimiyya a sakandare ka tambayi yara abin da suke son zama, kusan duk wanda ya ɗaga hannu "likita" zai ce maka. Da wannan amsar muke fara cin karo duk lokacin da sashenmu na jami'a ya tura mu makarantu don mu kwaɗaita wa ɗalibai karatun ƙera na'urorin asibiti da gyaransu. Yawancinsu sun taɓa ganin injin hoton ciki ko kwalabar jarirai bakwaini, amma bai taɓa zo musu a rai cewa wani ne ya zauna ya ƙirƙira su ba.

Dogon jawabi ba ya shigarsu. Abin da na ga yana aiki shi ne 'yar na'urar nan da ake matsa wa mara lafiya a yatsa don auna iskar oksijin da ke jininsa. Sai in sa su kunna tocilan, kowa ya ɗora yatsa a kai. Yatsa ya yi ja wur. Daga nan bayani ya zo da sauƙi: na'urar na harba haske iri biyu, ja da wani da ido ba ya gani, ta ratsa yatsa da su. Jinin da ya ƙoshi da iska da wanda bai ƙoshi ba, kowanne da yadda yake shanye hasken, ita kuma ta lissafa bambancin. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970.

A wata makarantar 'yan mata, wata da ta sha lalle har wuyan hannu ta tambaye ni, "Malam, to in fatar mutum baƙa ce fa, hasken zai wuce daidai?" Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin kuwa a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna na'urar ta fi yin kuskure a kan baƙar fata, takan nuna iskar ta wadata alhali ta yi ƙasa. Na ce mata gyaran wannan aikin injiniya ne, kuma har yau ana kai.

Misalin gida ma yana da tasiri fiye da na Turai. Shawarar jarirai kowa ya san ta, kusan kowane gida an taɓa yi. Idan na ba su labarin Virtue Oboro, 'yar Najeriya da ɗanta ya kamu da shawara, daga baya ta samar da gadon jarirai mai shuɗin hasken da ke maganin shawarar, wanda ke aiki da lantarkin hasken rana, sai ka ga har malaman da ke tsaye a baya sun matso.

Sai dai darasin da ya fi damuna na lokaci ne. Shugabannin makarantu sun fi son tara mana 'yan aji shida, wai su ne a bakin ƙofa. Alhali su sun riga sun gama zaɓi. Mai neman likitanci Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks yake rubutawa a JAMB, babu Lissafi a ciki, shi kuwa injiniyanci ba ya yiwuwa sai da Lissafi. Yaron da ya shekara biyu yana kallon Lissafi a matsayin abin da kiredit kawai yake nema a cikinsa, ba jawabin awa ɗaya zai juyo da shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa yanzu nake roƙon a ba mu 'yan aji huɗu, a kuma kira mana malamin Lissafi ya zauna tare da mu, tunda shi zai ci gaba da ganinsu kullum bayan motarmu ta tashi.