Yadda ake shirya kacici-kacicin littattafai a intanet ba tare da rigima ba

Duk zauren masu karatu a WhatsApp ko Telegram wata rana sai wani ya kawo shawarar a yi gasar kacici-kacici a kan littattafai. Daren farko yakan yi armashi. Na biyu ne ake fara jin "ai ni na riga shi amsawa", daga nan sai a watse. Galibi laifin yana wajen tambayoyin da tsarin ba da maki.

A fara da wurin wasan. Ƙuri'ar WhatsApp ba ta dace ba, domin ba ta san amsar daidai ba, kowa yana ganin abin da wasu suka zaɓa, kuma mutum na iya canza nasa bayan ya leƙa. Telegram ya fi: yana da ƙuri'a irin ta jarrabawa, wadda da zarar ka taɓa amsa ta kulle, ta nuna maka ko ka ci ko ka faɗi. Akwai kuma QuizBot da ke jera tambayoyi, ya sa wa kowace lokaci, ya fitar da sakamako a ƙarshe. Kahoot, wani shafin wasan kacici-kacici, yana da daɗi, amma yana ƙara maki gwargwadon saurin amsa, to wanda sabis ɗinsa ke hawa da sauka ya sha kaye tun kafin ya karanta tambayar.

Tambayoyi 20 sun isa zama ɗaya, kowace daƙiƙa 30. Ƙasa da haka zalunci ne ga mai ƙaramar waya, fiye da minti ɗaya kuwa an ba mai satar amsa damar zuwa Google ya dawo. A sanar da littattafai biyu ko uku mako guda kafin ranar, kowa ya sake dubawa.

Rubuta tambayar shi ne aikin. "Wa ya rubuta Magana Jari Ce?" ba tambaya ba ce, ɗan firamare ma zai ce Abubakar Imam. A bar irinta guda biyu ko uku a farko don a ɗumama jiki. Sauran su fito daga cikin labarin: wa ya yi wa wa dabara, me ya faru kafin me, wane labari aku ya bayar bayan wanne. Tambayar jerin aukuwa ta fi ta suna wuyar sata, domin mai kwafin littafin a waya zai iya neman suna cikin daƙiƙa biyar, amma ba zai iya neman "kafin" da "bayan" ba sai ya karanta.

A yi hattara da shekaru. Ruwan Bagaja ya fito ne daga gasar rubutu da Rupert East, Baturen Hukumar Fassara, ya shirya a Zariya a 1933, bugun kuma ya biyo baya. Idan aka ce "a wace shekara?" ba a fayyace gasa ake nufi ko bugu ba, mutum biyu za su kawo amsa daban, kowa da hujjarsa. Haka lambar shafi, tana canzawa daga bugu zuwa bugu. Littattafan da ake sakewa shafi-shafi a intanet sun fi rikitarwa, don marubuciya kan gyara suna ko ta sauya ƙarshen labari bayan an riga an yaɗa na farko. Sai a faɗi wanda aka dogara da shi.

Zaɓi huɗu ya wadatar, kuma ukun da ba daidai ba su zama sunaye daga littafin nan ɗin. In amsar Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja ce, aka jera ta da sunayen da babu su a labarin, wanda bai taɓa buɗe littafin ba ma zai canka. Kada kuma amsar daidai ta riƙa fin sauran tsawo, masu wayo suna lura da wannan tun tambaya ta uku.

Idan za a rubuta amsa da hannu, misali a Google Forms, ga tarkon ƙ, ɗ da ɓ. Na'ura tana ɗaukar "Zurke" da "Zurƙe" a matsayin kalmomi biyu, sai ta kayar da wanda madannin wayarsa ba shi da haruffa masu lanƙwasa. A shigar da duka rubutun biyu cikin amsoshin da aka yarda da su.

Mai tambaya ba ya shiga gasa, kuma a samu alƙali na biyu da littattafan a gabansa. Ƙorafi sai bayan tambaya ta ƙarshe. In ta tabbata tambaya tana da amsa biyu, a soke ta ga kowa. A tanadi ƙarin tambayoyi uku don raba kunnen doki.

Lokaci kuwa, bayan sallar isha ya fi tara mutane, sai dai a rubuta agogon wace ƙasa. Ƙarfe tara a Kano ko Zinder, takwas ce a Kumasi, sha ɗaya a Jidda. Kyauta ta tsaya a katin waya ko littafi, domin da zarar kuɗin sun yi kauri za a fara ganin mutum ɗaya da lamba uku a zaure.