Inda Ba Mai Ƙwanƙwasa Maka Ƙofa Ranar Lahadi

Kafin in bar Wusasa zuwa Ingila, duk wanda ya zo yi mini sallama da gargaɗinsa ya zo. Matan zumunta suka ce in yi hankali da maza, tunda maigidana ba zai biyo ni nan kusa ba. Kawu ya ce ya ji giya a can ta fi ruwa araha. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, kada ki je ki waye ki manta da Allah." Na amsa wa kowa da amin. Abubuwan da suka zo suka sha mini kai daga baya kuwa ba wanda ya ambace su, don su ma ba su san da su ba.

A watan Fabrairun 2022 ne gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje ƙofar samun biza, saboda ƙarancin ma'aikata. Ina cikin ayarin da suka shigo ta wannan ƙofar, na sauka a Manchesta ana tsakiyar hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba. Wannan biza a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki. In kuka rabu, kwana 60 ake ba ka ka samo wani mai tsaya maka, in ba ka samu ba ka tattara. Na faɗi wannan tun da wuri ne domin wanda bai san shi ba ba zai gane me ya sa mutanen kirki ke yin shiru a inda ya kamata su buɗe baki ba.

Mu 'yan Wusasa mun tashi da labarin Likita Mila da turawan mishan, muna sujada a majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa tun 1929. Don haka a raina Ingila gidan kakannin bangaskiya ce. Lahadin farko na shiga wata majami'ar Angalika kusa da inda nake haya: gini na dutse, rufinsa can sama, amma masu sujada in an tattara su ba za su kai matan zumuntarmu na gida ba. Kusan duk masu furfura ne. Daga baya na ji cewa a ƙidayar 2021, kashi 46.2 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, karon farko ke nan da adadin ya gaza rabi. Mutanenmu da yawa suna ganin haka sai su taɓe baki su koma majami'un 'yan Najeriya, inda akwai ganga da rawa da shinkafa bayan an tashi. Ban ga laifinsu ba, ni ma nakan leƙa. Sai dai ban yarda da masu cewa bangaskiyar Bature ta mutu ba. Tsohuwar da ke jan sandarta cikin ruwan sama ta zo sujada, alhali ba maƙwabcin da zai tambaye ta in ta ƙi zuwa, ta san abin da take nema.

A gida, in ba a gan ka ranar Lahadi ba, kafin la'asar an ƙwanƙwasa maka ƙofa: "Lafiya? Ba mu gan ki ba." In aka ga mace a inda bai dace ba, kafin ta iso gida labari ya riga ta. Akwai dattawa, akwai horon ikilisiya, akwai surukai. Sai da na zo nan na fara tambayar kaina nawa ne daga cikin kamun kaina tsoron Allah, nawa ne kuma kunyar idon mutane. A nan za ka shekara ba ka taka majami'a ba, maƙwabcinka ko sunanka bai sani ba.

Jaraba ta farko da ta same ni ba ta da kamannin zunubi ko kaɗan. Lissafi ne. A Afrilun 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma fam 11.44 a sa'a, a shekarar kuma fam ɗaya ya haura naira 2,000. Duk wanda ya zo daga gida, ƙwaƙwalwarsa ba ta daina juya fam zuwa naira. Manaja ta turo saƙo ana neman mai karɓar dutin Lahadi na sa'a goma sha biyu, kafin ka gama karantawa zuciyarka ta riga ta buga: kuɗin makarantar ƙane ne wannan, maganin Baba ne, buhun siminti kaza ne. Kuma duk gaskiya ne. Wa zai ce taimakon iyaye laifi ne? Haka Lahadi ke tafiya ɗaya bayan ɗaya, kana ce wa kanka za ka bi sujada ta YouTube, ka kunna, barci ya kwashe ka kafin a kai ga wa'azi. Littafi Mai Tsarki na Hausa da na ɗauko daga gida ya koma abin tokare taga. Ba na cewa aikin Lahadi haramun ne. Tsofaffin nan ba sa daina buƙatar wanka da abinci don Lahadi ta zo, dole wani ya tsaya musu. Amma akwai bambanci tsakanin dutin da ya faɗo maka a jadawali da wanda ka miƙa hannu ka warto, kuma mai yi ya san wanne ne wanne.

Ta biyun ta fi wannan tsanani, a aikin dare take.

Akwai tsofaffin da ba sa iya juya kansu a gado. In aka bar su kwance a gefe guda, fatar ƙugu da diddige takan mutu ta zama gyambon kwanciya, wani ya ci har ƙashi. Saboda haka ake juya su bayan sa'o'i biyu ko huɗu, yadda ma'aikatan jinya suka tsara wa kowa, a duba ko sun jiƙe a canza musu, sannan a shigar a wayar aiki cewa an yi. Wasu sai mutum biyu ke iya juya su. To ka ɗauka ƙarfe uku na dare ne, ku biyu ne kacal a bene guda, ƙararrawa na kuka a ɗaki uku, wani dattijo mai cutar mantuwa ya fito yana neman hanyar tashar jirgi zai tafi wurin mahaifiyarsa. Ƙafafunka sun kumbura. Abokiyar aikina ta dube ni wani dare ta ce ai tsohuwar ɗakin ƙarshe barcinta take yi, mu danna an yi kawai, wa zai sani? Ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa, kuma haka ta tarar ana yi.

Na tsaya a bakin ƙofar da wayar a hannuna. Tsohuwar ba ta magana, ba za ta taɓa kai ƙara ba. 'Ya'yanta sai ƙarshen mako suke zuwa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne addu'ar furta zunubi da muke yi tun muna yara, wadda tsofaffin Turawan nan ma ke yi da harshensu: mun bar abin da ya kamata mu yi, mun aikata abin da bai kamata ba. Shekara da shekaru ina faɗin rabin farko da baki kawai, hankalina yana kan na biyu, kan sata da zina da maye. Ashe a gidan tsofaffi rabin farkon ne ke kashe mutum. Na ce mata, "Zo dai mu juya ta, ba zai ɗauke mu komai ba." Ta yi tsaki ta biyo ni. Muka tarar zanin gadon ya jiƙe sharkaf, ƙugunta ya fara ja.

Kada a ɗauka daga ranar aka gama. Zaɓin nan yana dawowa kowane dare, sau da yawa a dare guda, kuma akwai ranar da ba ku isa ku yi komai a kan lokaci ba ko da kun so. Abin da na koya shi ne in an makara in rubuta an makara, da dalili. Wannan ba ya yi wa shugabanni daɗi, don yana nuna hannu bai isa ba, kuma ga kwana 60 ɗin nan yana lilo a kanka. Sau da dama nakan shiga bas da safe gabana yana faɗuwa. Har yau dai ba a kore ni ba.

Ba ƙarfin halina ne ya tsayar da ni ba. Wata uwa ce 'yar Filato, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ƙasar, ta ji ni ina waya da Hausa a wani shagon kayan abincin Afirka a unguwar Moston ta Manchesta, ta ce, "Ke 'yar ina ce?" Ita ta jawo ni cikin wasu mata 'yan arewa da ke haɗuwa ta WhatsApp su yi addu'a. Mama ba ta da zagaye-zagaye. Ba ta tambayar "ya ruhaniya", sai ta ce, "Duti nawa kika karɓa makon nan? Yaushe rabonki da jibin Ubangiji? Me kika karanta jiya?" In ka fara kame-kame ta ce, "Yakubu ya ce mu furta wa juna zunubanmu, bai ce mu yi wa juna kwalliya ba." Ita ce ta sa na zauna da Ibraniyawa sura 12, inda aka ce mu yar da kowane nauyi da zunubin da ke ɗaure mana ƙafa, mu zuba wa Yesu ido. Ta ce in lura an ambaci nauyi daban, zunubi daban. Akwai abin da ba laifi ba ne amma ba a iya gudu da shi. Daga nan na yanka wa kaina iyaka: adadin da zan tura gida a wata, da Lahadin da ba na sayarwa ko nawa za a biya. 'Yan'uwa sun yi ƙorafi, wasu sun ce na canza. Wayata ma na daina kwana da ita a gefen filo, don a daren kaɗaici ba abin da ba ta kawo wa mutum, daga caca har hirar da matar aure ba ta da dalilin yi.

Maganin jadawalin kuwa daga inda ban zata ba ya zo. Akwai wata Musulma 'yar zangon Kumasi da muke aiki tare, Hausarta ta Gana tana ba ni dariya, tawa ma tana ba ta. Muka shirya: ina karɓar mata ranar Sallah da wasu daren azumi, tana karɓar mini Kirsimeti, Ista da safiyar Lahadi in ta faɗo mini. Ganinta tana shimfiɗa ɗankwali a ɗakin ajiyar kaya ta yi sallar asuba a ƙarshen duti ya sha sa ni jin kunyar uzurina.

Da maigidana da yara suka iso, kafin dokar Maris 2024 da ta hana masu irin aikina kawo iyali, sai wata jarabar ta ɓullo a cikin gida. Bizar tawa ce, shi a ƙarƙashina yake. Mutumin da yake malamin sakandare a Zariya ya koma ɗaukar kwali a rumbun kaya, yana kai yara makaranta ina barci. Raini ba ya sallama in zai shigo. A murya yake fara zama, a yadda za ka ce "kuɗina". Aure nawa muka gani ya watse a nan a kan wannan. Mu abin da ya taimake mu, asusu ɗaya muka buɗe, kuma muka dawo da addu'ar iyali da Hausa ko da minti goma ne a tsaye a kicin, ɗaya na shigowa ɗaya na fita. Yana da wuya ka raina wanda ka gama riƙe hannunsa a gaban Allah, ko da yake ba na cewa ba ya yiwuwa.

Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce ta ƙanwata. Ta matsa tana son zuwa, sai ga wata da muke sujada tare ta ce tana da hanya: akwai mai ba da takardar ɗaukar aiki in an biya dubban fam, ni ma za a ba ni kasona in na kawo mutane. Sayar da wannan takardar laifi ne a dokar ƙasar, kuma mun ga waɗanda suka sayar da fili da gida suka iso suka tarar ba aikin, suna kwana a falon mutane, suna aiki da sunan wani. Na ce ba da ni ba. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ke kin haye shi ne kike janye tsani." Mahaifiyarmu ta kira ni daga gida tana kuka, ta ce in duba zumunci. Na yi ta neman mata ta hanyar gaskiya ban dace ba, har aka rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga waje a watan Yulin 2025. Yanzu ina biya mata makarantar koyon jinya a gida. Tana karɓar kuɗin, tana turo godiya a taƙaice, amma in na kira ba kullum take ɗauka ba.